Wasan da Ya Bar Wasu Hannu Rabbana

A makarantun firamare da yawa na Amurka akwai wata doka da ake aiko wa iyaye a rubuce duk farkon watan Fabrairu: yaron da zai kawo katin gaisuwa ranar 14 ga wata, to ya kawo wa kowa da kowa a ajinsu, in kuwa ba zai iya ba, ya bari gaba ɗaya. Ana haɗo takardar da jerin sunayen 'yan ajin, don kada a ce an manta da wani. Wasu malaman ma cewa suke kada a rubuta sunan wanda za a ba, yaro ya sa nasa sunan kawai, ya bi kwalayen 'yan ajin yana jefawa. Na daɗe ina raina wannan doka. Na karya ta da gangan a ajin 'yata, kuma 'ya'yan mutane ne suka ji a jikinsu.

Na san mai karatu a Kano ko Damagaram da ya ji an ambaci ranar Valentine zai ɗaure fuska, kuma ban ga laifinsa ba. Yadda ta iso mana gida, rana ce ta samari da 'yan mata, da jajayen kaya, da abin da iyaye ke tsoro. A gidana ba ma yin ta, ba na kuma shirin farawa. Amma abin da ake yi a aji biyu na firamare a jihar Ohio, inda zama ya kawo mu, wani abu ne daban, har wasu makarantun sun daina kiransa da sunan ranar, sai su ce walimar abota. Awa ɗaya ce ta ƙarshen yini, a tsakiyar sanyi da dusar ƙanƙara. Kowane yaro ya zo da kwalin takalmi da ya liƙe da takarda mai launi, ya yanka masa ƙofa a murfi inda za a riƙa jefa kati. A jera teburori, kowane tebur da uwa ko uba guda da ya zo taimako, yara kuma rukuni-rukuni suna zagayawa: nan a ninka takarda biyu a yanko siffar zuciya da almakashi, can a yi gasar ɗora 'yan alewa ɗaya kan ɗaya kafin minti ya cika, gaba a ci biskit a sha ruwan tuffa. Ba Amurka kaɗai ta karkatar da ranar wajen abota ba. A Finland ranar aboki ce. A Kolombiya kuma sai watan Satumba suke tasu ranar ƙauna da abota, a zuba sunaye a jefa ƙuri'a, kowa ya ciri wanda zai yi wa kyauta a ɓoye. Da na tambayi kaina tun da wuri me ya kawo ƙuri'a cikin maganar abota, da ban yi abin da na yi ba.

Iyaye Musulmi da na sani sun kasu. Wasu ba sa tura 'ya'yansu makaranta ranar, wasu kan ɗauke su kafin a fara, kuma ina girmama shawararsu. Ni na zaɓi in shiga ciki in ga komai da idona, musamman da yake alewoyin da ake rabawa da yawa suna ɗauke da jelatin, wanda galibi daga fatar alade ake samo shi. Na so in kai ƙuli-ƙuli, malamar ajin ta ce a'a, ba a shigo da abin da ya taɓa gyaɗa, ba a kuma karɓar girkin gida, saboda akwai yaran da ɗan ɓurɓushin gyaɗa kan toshe musu numfashi. Wannan dokar ban yi gardama da ita ba, don illar karya ta a fili take. Ta katin ce na ɗauka shagwaɓa ce kawai.

A Zariya na tashi, a unguwar da yarinya ke da ƙawa tata ta kanta, wadda kowa ya san da ita. Ku yi anko ranar Sallah, ku yi kitso iri ɗaya, in aurenki ya zo ita ce a gefenki. Abin ya daɗe a ƙasarmu. Baba ta Karo, wata tsohuwa da ta zauna a ƙasar Zazzau, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi dogon bayani a kan ƙawaye da ƙanwar rana, da kyaututtukan da ke kai-komo tsakaninsu. Abotar da na sani ke nan, wadda ake zaɓa, ake kuma ɗaukar nauyinta. To sai ga 'yata zaune a falo da jerin sunaye tana sa hannu a katuna iri ɗaya tana hamma, har da na yaron da kullum take kawo ƙararsa yana ja mata ɗankwali. Na ce wannan ai kasuwa ce, wadda ta bunƙasa a Amurka tun ƙarshen shekarun 1840 da Esther Howland ta tara ƙawayenta a garin Worcester suna haɗa katuna masu ado tana sayarwa, yau kuma ake cika shaguna da su kwali-kwali. Na ce koya wa yaro fuska biyu ne. Kyautar da kowa ya samu, me ta faɗa wa wanda aka ba?

Shekarar da aka ba ni teburin aikin hannu, na sayo duwatsun ado na roba, masu launi da masu haruffa, da zare mai miƙewa. Na rubuta wa malamar cewa yara za su yi abin hannu. Gaskiya na faɗa, amma rabinta. Sauran rabin na bar shi a cikina, don na san ba za ta yarda ba: kowane yaro guda ɗaya tak zai yi, kuma ba nasa ba ne, na babban amininsa ne a ajin, ya sa harafin farko na sunan aminin a tsakiya, in an gama a miƙa a gaban kowa. A nan laifina ya fi girma. Kuskuren fahimta kowa na yi. Ni kuwa na san akwai wadda ta fi ni sanin yaran nan, wadda take wuni da su tun watan Agusta, na kuma zagaye ta da sani.

Aikin kansa ya tafi lami lafiya. 'Yan shekara bakwai da takwas sun iya zira dutse in an liƙe musu ƙarshen zaren a jikin tebur. Suna yi suna rufe harafin da tafin hannu, suna leƙen na juna. Tun a nan na ga wata ta kwance nata ta sake harafi bayan ta hango na maƙwabciyarta, ban ɗauki abin a bakin komai ba. Malamar tana can ƙarshen aji tana karanta bayan kwalayen biskit. Da rukunin ƙarshe ya gama, na tafa hannu, na ce kowa ya tashi ya kai wa amininsa.

Nan take ajin ya dare. Wata yarinya mai fara'a, wadda kowa ke son zama kusa da ita, ta samu har ta rasa inda za ta sa. Ita kuma guda ɗaya gare ta, don haka duk waɗanda suka kawo mata, ban da mutum ɗaya, a tsaye suka gane ba su ne nata ba. Yara maza biyu da ba a ganinsu a rabe, ɗaya ya miƙa wa ɗaya, shi kuma ya wuce shi ya kai wa wani. Da yawa suka koma kujerunsu hannu rabbana. Mazan cikinsu suka mai da abin dariya, wai dama ba sa son kayan mata. Akwai kuma wata baƙuwa, iyayenta ba su daɗe da isowa ƙasar ba, Turancinta bai nuna ba tukuna. Nata ya fi na kowa kyau, ta jera launukan bi da bi. Ta tashi ta kai wa 'yata. 'Yata ta karɓa, ta yi godiya, ta juya ta kai nata wa mai fara'ar nan. Baƙuwar ta tsaya a tsakiyar aji tana jira, don a fahimtarta wanda ya bayar ai zai samu. Ta jira har kowa ya zauna. Sannan ta koma kujerarta, ta ja hannun rigar sanyinta ta rufe wuyan hannunta.

Na yi maza na tattara ragowar duwatsu na haɗa wani na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa a aljihu. Ba ta ɗaura ba. Yaro ya san abin da aka ba shi don so, ya san wanda aka ba shi don tausayi.

Malamar ba ta ce mini uffan ba a gaban yara. Ta ce kowa ya cire abin hannunsa ya jefa a kwalinsa sai an je gida, ta sa aka fara rabon katunan nan da na raina, kowane kwali ya cika daidai da ɗan'uwansa. Na lura ta buɗe durowa ta ciro wani ƙunshin katuna ta zura wa wani yaro a ɓoye. Ashe duk shekara takan saya da kuɗinta ta ajiye, saboda wanda iyayensa ba su da hali ko suka sha'afa. Bayan an tashi ta ce mini, ba tare da ta ɗaga murya ba, wata da watanni ke nan tana jawo yarinyar nan cikin 'yan'uwanta, yau aikin ya koma baya, kuma gobe da safe ita ce za ta shigo ta tarar da abin da na bari.

Da dare na ba maigidana labari, ina ta ɗora laifin a kan yaran zamani da rashin tausayinsu. Ya ɗauki biro ya ce, "Uwargida, ba halin yaran ba ne, lissafi ne." Ya nuna mini cewa a aji mai yara 24, ko da babu so babu ƙi, kowa ya rufe ido ya nuna duk wanda yatsarsa ta faɗa wa, yiwuwar a tsallake yaro guda gaba ɗaya ta kai kusan kashi 36 cikin 100. Wato yara 8 ko 9 ne za su tashi ba komai. Inda biyu suka zaɓi juna adadin ya ragu, inda mai farin jini ya kwashe rabon mutum biyar ya ƙaru. Ko ta ina aka juya, da wuya ƙwarai wasan da na tsara ya ƙare ba tare da wani ya rasa ba. Na ga yawan abin hannu daidai yake da yawan yara, na ɗauka an gama adalci.

Daga baya na gano cewa masana sun riga ni yin wannan tambaya. A farkon shekarun 1930 Jacob Moreno, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi karatu a Ostiriya ya koma Amurka, tare da Helen Jennings, sun riƙa tambayar 'yan makaranta a New York wa suke so ya zauna kusa da su, su zana amsoshin da kibau a takarda. Ya fitar da littafi a kai a 1934. Zanen ya nuna wasu 'yan tsiraru da kibau suka yi wa caa, da wasu a gefe da babu ko ɗaya da ta nufe su. Har yau masu binciken rayuwar yara suna yin irin wannan tambaya, amma a asirce ake amsa ta, ba a kuma nuna wa yaran sakamako. Ni na yi gwajin a bainar jama'a, na ɗaura wa kowane yaro sakamakonsa a hannu.

Dokar da na raina ma ba daga sama ta faɗo ba. Mutanen ƙasar sun daɗe da sanin zafin kwalin da ya tashi wayam. A 1975 an nuna wani fim ɗin zane a talabijin, na yaron nan Charlie Brown da Charles Schulz ya ƙirƙira, ya je makaranta da jaka don kwasar katuna ya dawo ba ko ɗaya, yaran da suka kalla suka yi ta aiko masa da katuna ta gidan waya, alhali zane ne. Vivian Paley kuma, malamar 'yan rabin aji a makarantar da ke ƙarƙashin Jami'ar Chicago, ta kafa doka a ajinta cewa ba mai hana wani shiga wasa, ta rubuta littafi a 1992 kan yadda ta kaya. Hujjarta ita ce aji ba gidan kowa ba ne, wurin jama'a ne. A gidanka ka gayyaci wanda ka ga dama. A aji kuwa kowane yaro kawo shi aka yi, ba shi da inda zai gudu in an ware shi.

Amma wadda ta fi warware mini zaren ba ta taɓa zama a ajin boko ba. Na kira Inna a Zariya na zayyana mata komai. Ta yi shiru, can ta ce, "Ke 'yar nan, a gidan wa kika ga an yi haka? Yara nawa ke shigo mini yawon Sallah? Kin taɓa ganin na ce wanda na fi so ya matso, sauran su tsaya su kalla? Duk wanda ya yi sallama ya ce barka da Sallah, an ba shi. Ƙawarki kuwa, a ɗaki kike ba ta nata." Gaskiyarta. Ƙawancen da nake tinƙaho da shi ba a taɓa ƙulla shi a taro ana ƙirgawa ba. A hankali yake tsirowa, a hanyar makarantar allo, a wajen kitso, a kan tabarma ɗaya. Abin da ake rabawa a fili na kowa ne. Tuwon Sallah ana kai shi gidan maƙwabcin da ba kwa ga-maciji, ba wanda ya taɓa kiran wannan munafunci, haƙƙin maƙwabtaka ne. Katin da 'yata ta rubuta wa mai ja mata ɗankwali irin wannan tuwon ne. Ba cewa yake ta fi son shi ba, cewa yake ta san da zamansa a ajin.

Na tuna gaɗa a dandali. 'Yan mata su yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fito ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su tare ta su cilla, ta koma layi, ta gaba ta fito. Ban san wasan da ya kai wannan koyar da amana ba, kuma ba a tambayar wa ke son wa kafin a tare. Layi ne, in ya zo kanki hannuwa na jiranki. Ba cewa nake dandalinmu ba shi da tabo ba. Mun yi wa mai fitsarin kwance waƙa a tsakar unguwa, maza sun bar mai raunin ƙafa yana gadin takalma ana langa, kuma waɗanda aka yi wa haka sun girma ba su manta ba. Sai dai wancan yara ne suka yi wa yara. Nawa kuwa babba ce ta zo da shi a jaka, ta tafa hannu ta ce a fara.

Ba malamar haƙuri bai yi mini wuya ba. Uwar baƙuwar yarinyar nan na tare a ƙofar makaranta, babban ɗanta yana mana tafinta, na gaya mata abin da ya faru da bakina, na ce ni na shirya wasan, 'yarta ba ta yi laifin komai ba. Ta ce yarinyar ta dawo gida ranar ta ƙi cin abinci, ta kuma ƙi faɗin dalili. Mafi nauyi shi ne durƙusawa gaban 'yar shekara bakwai. Mu ba mu saba babba ya nemi gafarar yaro ba, sai dai a lallashe shi da alewa a wuce wurin. Amma na ga in na yi haka, za ta ci gaba da ɗauka cewa ajin ne ya auna ta ya ga ba ta kai ba. Na ce mata wasan ne ba shi da kyau, ni na kawo shi, kuma yara da yawa sun rasa ranar, ba ita kaɗai ba.

'Yata kuwa tun a mota na hau ta da faɗa, ta fashe da kuka ta ce, "Umma, ai ke kika ce guda ɗaya." Na rasa ta cewa. Ita ma ba a daɗe ba baƙuwa ce, ta sha zama ita kaɗai a teburin cin abinci, kuma zaɓen mai farin jinin nan da ta yi neman wurin tsayawa ne. Na sa ta a tsaka mai wuya, na dawo ina tuhumarta da yadda ta fita. Ita ma na ba ta haƙuri. Ban tilasta mata ta yi wa baƙuwar wani abin hannu ba. Mun gayyace su gida wata Asabar, aka soya ƙosai, na koya musu carafke da 'yan tsakuwa. Sun saba daidai gwargwado. Ba su zama aminai ba, kuma ba hurumina ba ne in sa su zama.

Ban daina karɓar teburin aikin hannu ba. Amma yanzu kowane wasa sai na rubuta wa malama shi daga farko har ƙarshe, kuma kafin nan nakan bi shi a raina har minti na ƙarshe, in duba wa ke tsaye, wa ke zaune, hannun wa ke wayam. Wasanni da yawa da ake ganin ba su da illa a nan suke nuna halinsu. Zagaya kujeru da kiɗa, inda ake janye kujera ɗaya duk zagaye, yaron da ya fi kowa sanyin jiki shi ke fara fita, ya ƙare sauran lokacin jingine da bango. Sai na juya shi: a janye kujera amma ba a fitar da kowa, dole a matsa wa juna, har a ƙare yara goma maƙale a kujeru uku suna ƙyaƙyata dariya. Rabon ƙungiya inda shugabanni biyu ke zaɓen mutum ɗaya bayan ɗaya, wannan na soke shi. A ciro 'yar takarda daga jaka, masu ja su tafi nan, masu kore can.

Abin hannun ma bai mutu ba. Ana yinsa, amma sunaye na cikin hula, kowa ya ciri ɗaya irin na mutanen Kolombiya, ni kuma ina riƙe da jerin don in wani bai zo ba in cike gurbin. Mu ba ma ɓoyewa: kafin ka fara zira dutse sai ka je ka tambayi wanda ka ciro launin da ya fi so. Wannan 'yar tambaya ta sha haɗa yaran da ba su taɓa magana ba tun farkon shekara. Akwai kuma sarƙar takarda. A ba kowa zirin takarda da sunan wani, ya rubuta alheri ɗaya da ya taɓa ganin wannan ya yi, a liƙa zirin ya zama zobe, a sarƙafa shi da na gaba har sarƙar ta zagaye allo. Nakan karanta kowanne kafin a liƙa, don ɗan shekara bakwai yana iya rubuta gaskiyar da ba a tambaye shi ba. Ohio ƙasar masara ce, don haka na taɓa samo busasshen kara na koya musu tabarau da mota irin ta yaranmu, a ɓare bayan karan sili-sili a soka a ɓargonsa. Ni nake ɓarewa tun a gida, saboda kaifinsa na yanka yatsa. Aiki ne da hannu biyu ba sa isa, sai wani ya riƙe maka.

Inda na fi shan gardama ba a makarantar ba ne, a cikinmu ne. Matanmu 'yan Najeriya da Nijar da Gana mukan kama zaure bayan an sauko daga Idi a yi wa yara walima, kuma shekara da shekaru abin da aka fi jira shi ne gasar kwalliya: 'yan mata su yi fareti, a tafa wa kowace, wadda tafinta ya fi ƙara ta ɗauki kyauta. Da aka sa ni cikin masu shiri na ce a cire. Shugabarmu, dattijuwa ce da nake jin nauyinta, ta ce, "Haba ƙanwata, yara ai sai da gasa, duniyar ma haka take." Na ce, "Hajiya, a yi gasar gudu, a yi ta karatu, a yi langa, wanda ya faɗi ya san abin da zai gyara baɗi. Yarinyar da aka tafa wa kaɗan saboda iya shaddar da ubanta ya iya saya ke nan, me za ta gyara?" Na ba su labarin abin hannun, ban rage komai ba. Ba a soke faretin ba, iyaye na son hoto. An dai cire awon tafi da kyautar. Kowace yarinya ta fito, a kira sunanta da na garin iyayenta, a rangaɗa mata guɗa, ta wuce teburin lalle. Kuɗin kyautar da su aka ƙaro lalle da balan-balan, Hajiya kuma ta ce baɗi za a sake duba maganar.